Yadda Ake Daidaita Sunayen Nau'in Kaya a Rumbun Ajiyar Bincike na Intanet

Abokan aiki masu kula da rumbunan ajiya na jami'o'i da cibiyoyin bincike sun sha kawo mini koke iri ɗaya. An ɗora kundaye da maƙaloli masu ɗimbin yawa, amma da mai bincike ya zo tace sakamako ta nau'i, sai ya tarar da jeri har ƙasan shafi: ga "Thesis", ga "thesis", ga "Theses", ga "M.Sc Thesis", ga "Project", wani ma ya rubuta "PDF". Wanda ya danna ɗaya daga ciki, kaso ɗaya kawai na kundayen zai gani, ya tafi da zaton iyakar abin da kuke da shi ke nan. Tambayar kullum ita ce, ta ina za a fara gyara? Ga matakan a jere. Na gina su a kan DSpace saboda ita ce manhajar da aka fi samu a irin waɗannan rumbuna, amma mai amfani da EPrints ko wata manhaja zai iya bin jerin yadda yake. Duk inda na ce "kati", ina nufin bayanan da aka cike game da abu ɗaya, wato sunan marubuci, take, shekara da sauransu. "Gurbi" kuma shi ne wurin da ake rubuta kowane ɗaya daga cikinsu.

Abin da za ku tanada

Kuna buƙatar izinin mai gudanarwa a rumbun, da hannun wanda ke iya shiga sabar, wato kwamfutar da rumbun ke zaune a kanta, ya taɓa fayilolin saiti. Sai manhajoji biyu, OpenRefine da LibreOffice Calc, kuma dukansu kyauta ne. Jerin kalmomin da za mu jingina da su ma a buɗe suke, ba a biyan ko sisi. Inda kuɗi zai fita shi ne lokacin ma'aikata, da kuɗin data, da wutar da za ta riƙe sabar lokacin da ake sake gina ma'ajin bincike, wato fihirisar da rumbun ke dubawa idan an nemi abu. In wani kamfani ne ke riƙe muku da rumbun, ku tambaye shi tun yanzu ko sauya fom yana cikin yarjejeniyarku ko sai an biya daban.

1. Ku ƙidaya abin da ke ƙasa

Kada ku taɓa kati ko ɗaya tukuna. Ku fitar da bayanan rumbun gaba ɗaya zuwa fayil na CSV, wato fayil mai tsarin tebur, ko dai daga shafin mai gudanarwa ko da umarnin metadata-export a kan sabar. Ku yi kwafi biyu, ɗaya a ajiye shi da kwanan wata a jikin sunansa, kada kowa ya buɗe shi. Ɗayan ku shigar da shi OpenRefine, ku je shafin teburin mai suna dc.type, wato gurbin nau'i, ku sa manhajar ta jero muku kowace kalma da adadin katunan da ke ɗauke da ita.

A nan ne ido zai buɗe. Za ku ga kalma ɗaya ta rabu gida uku saboda babban baƙi da ƙarami, ko saboda wani ya bar fili a ƙarshenta. Za ku ga katunan da gurbin nau'insu babu komai. Ku ƙidaya su ma, domin su ne suka fi ɓacewa mai bincike.

Hattara: sau da yawa dc.type ba shafi ɗaya ba ne a fayil ɗin. Za ku iya tarar da dc.type, da dc.type[en], da dc.type[en_US], kowanne da nasa kason. Wanda ya duba ɗaya kawai, ƙidayarsa ba ta cika ba.

Hattara ta biyu, wadda ta shafe mu kai tsaye: kada ku buɗe fayil ɗin da danna shi sau biyu a Excel. Yana iya lalata ƙ da ɗ da ɓ da rubutun Larabci a taken ayyuka, kuma ba za ku lura ba sai bayan kun mayar da shi rumbu. Ku buɗe da LibreOffice ko OpenRefine, ku tabbata an zaɓi tsarin haruffa na UTF-8.

2. Ku raba tambayoyin da aka cakuɗa

Mafi yawan rikicin gurbin nau'i daga abu ɗaya yake tasowa: mutane daban-daban suna amsa tambayoyi daban-daban a gurbi guda. Ɗauki kundin digiri na biyu a kan cutar shawara, wanda aka ɗora a matsayin PDF. Wani ma'aikaci ya rubuta "Text", wani "Thesis", wani "PDF", wani "Medicine", wani "Final copy". Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa dai tambayarsa ya amsa.

To ku zauna ku raba su. Tambayar "wane irin abu ne a zahiri, rubutu ne ko sauti ko hoto" ita ce babban nau'i. Tambayar "wane irin aiki ne, kundi ne ko maƙala ko rahoto" ita ce wadda masu bincike suka fi tacewa da ita. Tsarin fayil, PDF ne ko MP3, gurbinsa dc.format, kuma DSpace da kanta tana gane tsarin fayil idan an ɗora shi. Fannin da aikin ya shafa gurbinsa dc.subject. Batun ko kwafin da mujalla ta karɓa ne ko wanda ta buga, wannan matakin bugu ne, shi ma a ba shi gurbinsa. Harshe kuma dc.language.iso, inda Hausa take da lambar "ha" ko "hau".

Ku koma jerin da kuka ƙidaya a mataki na farko, ku rubuta a gefen kowace kalma tambayar da take amsawa. Duk wadda ba ta amsa tambaya ta ɗaya ko ta biyu ba, za ta bar gurbin nau'i, amma ba gogewa za a yi ba, ƙaura za ta yi zuwa gurbin da ya dace da ita.

3. Ku zaɓi jerin da za ku jingina da shi

Kada ku ƙirƙiri naku jerin daga farko. Rumbunku ba ku kaɗai ke karanta shi ba. Manyan ma'adanai irin su BASE na Jami'ar Bielefeld a Jamus, da CORE, da OpenAIRE, suna kwasar katunanku ta hanyar OAI-PMH, wato ƙa'idar kwasar bayanai daga rumbuna, su haɗa da na wasu dubban rumbuna. Kalmar da suka gane ita za su tace da ita. Wadda ba su gane ba, sai ta faɗa cikin tarkacen da ba a san nau'insa ba.

Jerin DCMI Type na Dublin Core, wato ƙa'idar da gurabe masu farawa da "dc" suka fito daga gare ta, kalmomi 12 ne kacal, irin su Text, Sound, StillImage, MovingImage, Dataset da Software. Yana amsa tambaya ta farko da kyau, amma bai san bambancin kundi da maƙala ba, duka Text ne a wurinsa. Jerin nau'o'in kaya na COAR, wato ƙungiyar rumbunan bincike ta duniya, shi aka yi musamman domin rumbunan bincike. Yana da rassa, daga babba zuwa ƙarami, kuma kowace kalma tana da adireshinta na dindindin. Misali "journal article" lambarsa c_6501, "master thesis" c_bdcc, "doctoral thesis" c_db06. Wannan jeri na COAR ne kuma bugu na huɗu na ƙa'idojin OpenAIRE ya ɗauka. Akwai kuma LCGFT na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka da AAT na cibiyar Getty, waɗanda suka fi zurfi a kan adabi da kayan tarihi.

Shawarata ga rumbun jami'a ita ce a ɗauki COAR domin dc.type. Tunda rassansa suna komawa ga rubutu ko sauti ko hoto, kalma ɗaya daga cikinsa tana amsa tambayoyi biyun a lokaci guda. LCGFT kuma a bar shi domin gurbin salon adabi, wanda za mu zo kansa. In kuna yi wa kayanku rajistar DOI, wato lambar shaida ta dindindin, a wurin ƙungiyar DataCite, su ma suna da nasu gajeren jeri, don haka ku ƙara shafi ɗaya a teburin da za ku yi a mataki na huɗu, wanda zai nuna wace kalmar taku ce ta yi daidai da wacce tasu.

Hattara: jerin da DSpace ke zuwa da shi, mai su Article, Book chapter, Thesis da Working Paper, ba jerin COAR ba ne, ko da yake sun yi kama. Kada ku ɗauka kun riga kun daidaita don kawai ba ku taɓa sauya shi ba.

4. Ku tsamo naku gajeren jeri, ku rubuta ma'anar kowace kalma

Ba duk kalmomin COAR za ku zuba a fom ba. Ma'aikacin da aka ba shi zaɓi fiye da kima zai danna na farko da idonsa ya faɗa a kai. Ku duba ƙidayarku, ku ɗauki waɗanda kuke da kayansu a hannu ko kuke sa ran samu nan kusa. A ganina, jerin da ya shige fuskar kwamfuta ɗaya har sai an ja ƙasa ya yi tsawo.

Ku yi tebur mai shafi biyar: kalmar da za a adana, adireshinta na COAR, sunan da ma'aikaci zai gani, ma'ana a jimla ɗaya, da misali na gaske daga rumbunku. Shafin ma'ana shi ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ya fi amfani. Ku rubuta abin da kalmar ta ƙunsa da abin da ba ta ƙunsa ba. Misali a ƙarƙashin "book part" a rubuta: babi ɗaya daga littafin da aka buga, ban da babin kundin digiri. Sannan ku yanke hukunci sau ɗaya kan rubutu: ƙananan baƙaƙe yadda COAR ta rubuta, tilo ba jam'i ba, babu gajartawa, babu aya a ƙarshe.

5. Ku yanke hukunci kan masu wuyar sha'ani

Wannan mataki ne zai ci muku lokaci, kuma ya cancanci lokacin.

Kundayen digiri su ne na farko. A jami'o'i da yawa na Najeriya ana kiran kundin digiri na biyu "dissertation", na uku "thesis". A Amurka akasin haka aka saba. A Nijar kuma "mémoire" da "thèse" ake cewa. Saboda haka abin da aka buga a bangon kundin ba zai zama ma'auni ba. Ma'aunin shi ne digirin da aka bayar: na farko "bachelor thesis", na biyu "master thesis", na uku "doctoral thesis". Aikin kammala difloma, ko NCE, ko HND, ko babbar difloma ta bayan digiri, ba su da kalma tasu a jerin. Kada a cusa su cikin digirin da ba nasu ba. A sa musu babbar kalmar "thesis", a rubuta sunan takardar shaidar a gurbin sunan digiri. Ta haka ɗalibin da ke neman kundin dakta ba zai sha wahalar tsince shi daga cikin ayyukan difloma ba.

Sai takardun taro. Wadda aka buga cikin kundin taron ita ce "conference paper". Wadda aka gabatar kawai ba a buga ba, COAR tana da kalma dabam dominta. Kundin taron gaba ɗaya kuma "conference proceedings" ne. In malami ya gyara takardar taronsa ta fito a mujalla, wannan abu na biyu ne da katinsa daban, ba kati ɗaya mai nau'i biyu ba. Laccar da sabon farfesa ke gabatarwa, ko da an buga ta kamar ɗan littafi, "lecture" ce.

Yanzu ga wanda ya fi damuna. Ɗauki rubutun hannu na ajami, waƙar wa'azi a takardu goma sha biyu, an ɗauki hoton kowane shafi an haɗa su fayil ɗaya. Ma'aikaci yana ganin hotuna sai ya zaɓi hoto. Kuskure ne. Ƙa'idar DCMI ta fayyace cewa hoton rubutu, rubutu ne. Nau'insa a COAR "manuscript", harshensa Hausa, a kuma nuna cewa da haruffan Larabci aka rubuta shi. Kada a sa masa harshen Larabci don an ga haruffan, domin mai neman rubutun Hausa ba zai taɓa cin karo da shi ba.

Amma ina za a rubuta cewa waƙar wa'azi ce? Nan ne gurbin salo yake shigowa. COAR ba ta san waƙar baka ba, ba ta san kirari, tatsuniya, tashe ko wasan kwaikwayo na rediyo ba, kuma ba aikinta ba ne ta san su. Kada ku matsa su cikin dc.type, kada kuma ku yar da su. Ku buɗe sabon gurbi a rajistar bayanai, misali local.genre, ku yi masa nasa rufaffen jeri da Hausa. Inda LCGFT ke da kalmar da ta yi daidai, kamar "Proverbs" ga karin magana ko "Sermons" ga huɗuba, ku rubuta ta a gefe cikin teburinku. Inda babu, ku bar ta Hausar ita kaɗai da ma'anarta. Ku kira malaman sashen Hausa su zauna da ku a kan wannan jeri, domin su suka san inda waƙar fada ta rabu da waƙar jama'a, da inda rubutacciyar waƙa ta rabu da ta baka. Kaset ɗin makaɗi da aka mayar dijital zai zama "sound" a gurbin nau'i, "waƙar baka" a gurbin salo. In bidiyo ne, nau'in ya koma "video", salon yana nan yadda yake.

Hattara da kalmar "other". Ku bar ta a jerin, amma ku sa doka cewa duk wanda ya zaɓe ta sai ya rubuta bayani a gurbin kwatance. In ba haka ba, ita za ta zama mafakar duk wanda ke sauri.

6. Ku kulle fom kafin ku fara gyaran tsofaffi

Jerin matakan nan yana da muhimmanci. Wanda ya fara gyaran tsofaffin katuna alhali fom yana buɗe, kamar mai kwarfe ruwa ne daga kwalekwalen da bai toshe hujinsa ba.

A DSpace ta 7 da na bayanta, fayil ɗin da za a taɓa shi ne submission-forms.xml. A ta 6 da na gabanta sunansa input-forms.xml. Ku nemi jerin da ake kira common_types, ku maye gurbinsa da naku. Kowace kalma tana da fuska biyu a ciki, wadda ake nuna wa mai cikewa da wadda ake adanawa. Wannan dama ce babba: ma'aikaci zai iya ganin "Kundin digiri na biyu" a fom, rumbu kuma ya adana "master thesis". Ku mai da gurbin ya zama na zaɓi daga jeri, ba na rubutawa da hannu ba, ku sa ya zama dole, ku kuma hana zaɓar fiye da ɗaya. Bayan an adana fayil ɗin sai an sake tayar da sabar kafin sauyin ya bayyana.

Hattara: akwai wasu saituna da ke dogara da ainihin kalmar da ke dc.type. Na farko shi ne type-bind, wanda ke sa wasu gurabe su fito sai in an zaɓi wani nau'i, kamar gurbin sunan mai duba kundi. Na biyu fayil ɗin google-metadata.properties, wanda da shi Google Scholar ke gane kundin digiri da rahoton fasaha, kuma a saitin asali kalmar "Thesis" yake nema. In kun sauya kalmomin ba ku gyara waɗannan biyun ba, za ku gyara gaba ku ɓata baya. Haka kuma kada a rikita dc.type da dspace.entity.type, wannan na tsarin manhajar ne, a bar shi yadda yake.

Ku gwada komai a sabar gwaji in kuna da ita. In babu, ku ajiye kwafin kowane fayil kafin ku taɓa shi.

7. Gyaran tsofaffin katuna

Ku sake fitar da sabon CSV, domin tun ƙidayar farko an ƙara kaya. Ku cire duk shafukan da ba za ku taɓa ba, ku bar id da shafukan nau'i, da take don ku riƙa ganin abin da kuke gyarawa. Shafin da aka cire daga fayil ɗin, DSpace ba ta taɓa shi. Amma shafin da aka bari aka goge abin da ke cikin akwatinsa, za ta goge shi a rumbu. Ku riƙe wannan bambanci sosai. Shafin id kuwa kada a taɓa shi ko kaɗan.

A OpenRefine, ku fara raba akwatunan da ke da kalma fiye da ɗaya, waɗanda DSpace ke haɗawa da alamar ||. Ku cire filin da ke gaba da bayan kalmomi. Sannan ku yi amfani da aikin tara masu kama da juna, wanda zai haɗa muku "thesis" da "THESIS" da "Thesis." wuri ɗaya. Ku duba kowane tari da ido kafin ku amince, domin manhajar kamannin baƙaƙe take gani, ba ma'ana ba.

Daga nan aikin hannu ya fara. Tsohuwar kalmar "Thesis" za ta rabu gida uku ko huɗu, kuma babu manhajar da za ta raba muku ita. Wani lokaci sunan rukunin da kundin yake ciki a rumbun zai taimaka, wani lokaci bayanin da ke cewa an gabatar da shi domin samun digiri kaza. Inda duka biyun babu, sai an buɗe fayil an duba shafin farko. Kada ku yi hasashe daga yawan shafuka. Wanda ba a tabbatar ba, a bar shi a babbar kalmar "thesis" har a samu tabbaci.

Ku mayar da gyaran kashi-kashi, ku fara da ƙaramin tari ɗaya. Kafin ta zartar, DSpace tana nuna jerin abin da za ta cire da abin da za ta ƙara. Ku karanta shi. In kun ga tana shirin sauya take ko sunan marubuci alhali ba ku taɓa su ba, ku dakata, alama ce ta cewa haruffa sun lalace a hanya. Shigarwa ta shafin intanet tana iya samun iyakar adadin katuna, saboda haka manyan tari a yi su da umarnin metadata-import.

8. Ku duba daga waje

Bayan gyara, a sake gina ma'ajin bincike da umarnin index-discovery -b, a kuma sabunta na OAI da oai import -c. Na biyun ne aka fi mantawa, kuma shi ne manyan ma'adanai ke kwasa. Ku fita daga asusun mai gudanarwa, ku shiga kamar baƙo ta waya, ku danna tace ta nau'i ku ƙidaya. Adadin kalmomin ya yi daidai da teburinku. Sannan ku buɗe adireshin OAI na rumbun ku duba katuna kaɗan a tsarin oai_dc. Ku sani cewa gurbin local.genre ba ya fita ta wannan hanya sai an saita shi musamman, don haka in kuna son salon adabin ya isa waje, sai an yi wannan aikin daban. Ma'adanan waje kuma ba sa sabunta kwafinsu nan take, sai zagayen kwasarsu na gaba.

9. Wa zai riƙe jerin?

Ku ɗora wa mutum ɗaya alhakin teburin, da mataimakinsa, a rubuta sunan muƙaminsu a saman takardar tare da kwanan watan gyara na ƙarshe. Duk sashen da ke son sabuwar kalma ya kawo misalan kayan da yake ganin ba su da gurbi. A fara dubawa ko COAR tana da ita, in babu a duba ko ta gurbin salo ce. A buga teburin a manna kusa da kwamfutar masu ɗora kaya, a kuma bi shi da kowane sabon ma'aikaci da ɗan hidimar ƙasa a ranarsa ta farko. Duk ƙarshen zangon karatu a maimaita ƙidayar mataki na ɗaya, domin kayan da aka shigar a dunƙule ta CSV ko ta wata manhaja ba sa bi ta fom, kulle bai shafe su ba. A lokacin ne kuma za a buɗe duk katunan da aka sa wa "other", a ga ko sun taru har sun isa a ba su kalma tasu.